Ram mai tsada a kwamfutar wasa: ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Maganar da za mu taɓa yau maganar samari ce, amma kuɗin da ke cikinta galibi na iyaye ne. A Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, yaro in ya ci jarrabawar bak ko ya samu shiga jami'a, abin da yake fara roƙo shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka. Zai ce domin karatu yake son ta, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai kowa ya san in dare ya yi za a buga ƙwallon FC ko eFootball a kanta, ko a shiga garin GTA a yi ta tuƙi. Babu laifi ga wannan. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan ƴan watanni, sa'ad da yaron zai dawo ya ce wasa yana cijewa, kuma an gaya masa akwai wani ram na musamman, mai sauri, mai baƙar riga da suna mai ban tsoro, wanda in an sa shi kwamfuta za ta koma sabuwa. Kuɗinsa ya ɗara na ram ɗin da aka saba da shi. Uban da ke lissafin buhun hatsi da kuɗin haya tun kafin ƙarshen wata yana da hakki ya tambaya ko sayen nan yana da amfani.

Amsata ita ce, ga mafi yawan masu irin wannan kwamfuta, amfaninsa bai kai kuɗinsa ba. Akwai ƴan wurare inda yake kaiwa, zan kuma ambace su domin kada a ce na ɓoye. Amma ba na son mai karatu ya karɓi magana don na faɗa kawai. Lissafin ba shi da wuya, duk wanda ya iya ninkawa da rabawa zai bi shi da alƙalami a bayan takarda.

Mu fara da sanin abin da ake sayarwa. Ram wani ɗan allo ne mai tsawon yatsa, an jera masa baƙaƙen ƙwayoyi, masu gyara suna kiran sa baret da bakin Faransanci. Aikinsa riƙe abin da kwamfuta ke aiki da shi a wannan lokaci, da zarar an kashe ta kuwa ya manta kome. A kwatanta da mai daka. Hatsi yana cikin rumbu, rumbun nan shi ne wurin ajiya na dindindin wanda yau ake ce wa SSD. Mai daka ita ce furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Ram kuwa shi ne masakin da ta ɗebo hatsi ta ajiye kusa da turmi. In masakin babba ne, sai ta tsaya ga aikinta ba tashi. In ƙarami ne, bayan kowane ɗan lokaci sai ta jingine taɓarya ta koma rumbu, turmi yana zaune banza. Wannan komawa rumbu ita ce cijewar da yaro yakan gani a tsakiyar wasa, hoto ya tsaya cak na ɗan ƙiftawar ido sa'an nan ya ci gaba.

Girman masakin ana auna shi da jiga, abin da ake rubutawa Go ko GB a jikin kwali. Wasan GTA V da ya fito a kwamfuta a 2015 yana tashi da jiga 4, masu shi sun ce 8 ya fi. FC 24 na shekarar 2023 yana neman 8 aƙalla, an so a samu 12. A wannan shekara ta 2023 kuma Starfield da Hogwarts Legacy suka fito suna neman jiga 16 tun daga matakin ƙasa. Kada a manta Windows ita ma tana cin nata rabo kafin wasa ya samu, haka shafukan intanet da aka bari buɗe. Saboda haka kwamfuta mai jiga 8, in tana cijewa a sababbin wasanni, ciwonta ƙanƙantar masaki ne. In aka cire jiga 8 aka sa wani jiga 8 mai sauri, mai daka za ta ci gaba da zuwa rumbu kamar da. Jiga 16 yana isar yawancin wasanni, 32 na mai haɗa bidiyo ne ko mai manyan wasannin da suka fi nauyi. Abin da ya wuce bukata kuwa zaune yake, ba ya ƙara wa wasa ko hoto guda.

Akwai abu na gaba wanda shi ma ya fi sauri muhimmanci, mutane da yawa kuma ba su san da shi ba. Yawancin kwamfutocin wasa suna da gurbi biyu na ram, furosesa kuma tana da hanya biyu ta jawo bayani, kowane gurbi da tasa. Domin rage kuɗi, sau da yawa akan sayar da kwamfuta da baret guda, gurbi na biyu fanko. Rijiya ce mai faɗin bakin da zai ɗauki guga biyu, amma mutum ɗaya ke ja. Ga lissafin. Lambar nan da ake bugawa a jikin baret, 3200 ko 4800 ko 5600, tana faɗin sau miliyan nawa yake miƙa bayani a daƙiƙa guda, kowane miƙo kuma bait 8 ne. Baret ɗin DDR5 mai lamba 4800 yana iya kawo jiga 38,4 a daƙiƙa. In ka cire shi ka sa mai 5600, ka samu jiga 44,8, ƙarin bai cika kashi 17 cikin ɗari ba. In kuwa ka bar shi inda yake ka kawo masa ɗan uwa irinsa a gurbi na biyu, ka samu 76,8, ninki biyu ke nan, ga shi kuma masaki ya ninka a lokaci guda. Haka yake ga DDR4, ram ɗin da ya gabaci wannan: baret guda mai 3200 jiga 25,6, guda biyu 51,2.

A lura da wata ƴar dabara a nan. Baret ɗin DDR5 an raba cikinsa gida biyu, shi ya sa wasu manhajojin bincike sukan nuna kamar hanya biyu ke aiki ko da baret guda ne a ciki. Wani zai nuna maka wannan ya ce ba ka bukatar na biyu. Rabi biyu ne na guga ɗaya. Gaskiya ne hasarar zama da baret guda ta fi sauƙi a DDR5 bisa ga DDR4, amma ba ta ɓace ba.

To, a ce mutum ya cika gurbi biyu, yana da jiga 16 ko 32, yanzu yana tunanin ya canza su da masu tsada. A nan ne nake roƙon a tsaya a yi tambaya guda: kwamfutar za ta yarda ta yi wannan gudu? Kowace furosesa tana da iyakar da kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta, kuma kowa yana iya karanta ta a shafin kamfanin. Core i7-12700H ta Intel, wadda ta cika kwamfutocin wasa na 2022, iyakarta 4800 a DDR5, 3200 a DDR4. Ryzen 7 6800H ta AMD, ita ma ta 2022, iyakarta 4800. Ryzen 7 7840HS ta 2023 tana kai 5600. Ryzen 7 5800H ta 2021, wadda har yanzu ake samu da yawa cikin na hannu, DDR4 kawai ta sani, iyakarta 3200. Wanda ya sayi baret mai 5600 ya sa a kwamfuta mai 12700H, zai ga ta tashi lafiya, amma da gudun 4800 za ta tafi. Ya sayi ingarma ya ɗaura masa amalanke.

Masu lamba 6000 da 6400 labarinsu ya fi haka. Akwai wata ƙungiya a Amurka mai suna JEDEC wadda ke tsara mizanin ram domin kayan kamfanoni dabam-dabam su dace da juna. Ita ta fitar da mizanin DDR4 a 2012, na DDR5 a watan Yuli na 2020. Yawancin baret masu tsada da ke ɗauke da manyan lambobi ba sa kai wannan gudu da kansu. Sai an shiga BIOS, wato ɗakin sarrafa kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, an kunna wani tsari da Intel ta fito da shi a 2007 mai suna XMP, ko takwaransa na AMD mai suna EXPO wanda ya zo a 2022. A babbar kwamfuta ta tebur wannan abu ne na minti guda. A mafi yawan na tafi-da-gidanka kuwa masu ƙira sun kulle ƙofar, kuma suna da hujja: mizanin DDR5 bolt 1,1 ne, gudun da ya wuce mizani yakan nemi wuta fiye da haka, wuta kuma zafi ce a cikin akwatin da kaurinsa bai fi yatsa biyu ba. In ƙofar a kulle take, baret mai tsada yana komawa ga gudun da kowa ke yi. Lambar da ke jikin kwali ba ƙarya ba ce, sai dai kwamfutarka ba za ta taɓa ganin ta ba. Yawancin labaran da samari ke kallo a YouTube, inda ake nuna ram mai sauri yana ƙara wa wasa ƙarfi, a kwamfutocin tebur aka yi gwajin, wannan kuma ba kasafai ake lura da shi ba.

Mai shago mai wayo zai ce: to, bar maganar gudu, dubi CL. Wannan lamba ce ta biyu da ake bugawa a jikin baret, kuma ta cancanci a yi mata adalci domin a nan ne ram mai tsada yake da abin nunawa. In lambar farko tana faɗin yawan gugan da ke fitowa a jere, CL tana faɗin jiran da ake yi tun daga zura igiya har guga na farko ya fito. Ƙaramar lamba ta fi. Ana mayar da ita lokaci ta haka: a ninka CL da 2000, a raba da lambar gudu, abin da ya fito nanosakan ne, wato kashi ɗaya cikin miliyan dubu na daƙiƙa. Baret ɗin gama-gari mai 5600 yana da CL46, jiransa nanosakan 16,4. Mai tsada irin Kingston Fury Impact mai 5600 yana da CL40, jiransa 14,3. An kuma shirya wasu daga cikin irin waɗannan yadda za su kama wannan tsari da kansu ba sai an shiga BIOS ba, saboda haka ribar ta gaske ce. Amma nawa ce? Nanosakan biyu da ɗan ɗoriya. Tafiyar gaba ɗaya, daga lokacin da furosesa ta nemi abu har ya iso hannunta, a kwamfutocin tafi-da-gidanka masu DDR5 takan ci nanosakan 80 zuwa 100, wani lokaci fiye. Sauran lambobin jira suna ɗan sauka tare da CL, na yarda, amma ko an haɗa su duka ragin kaɗan ne cikin ɗari. Sa'an nan furosesa tana da ɗan aljihu nata na ciki inda take riƙe abin da ta fi yawan bukata, kamar hatsin da ya riga ya shiga turmi, kuma yawancin abin da take nema a nan take samun sa ba tare da ta waiwayi ram ba.

Ga wani abin dariya ga mai son lissafi. Baret ɗin DDR4 na gama-gari, 3200 mai CL22, jiransa nanosakan 13,75, wato ya fi DDR5 mai tsadar nan saurin amsawa. Duk da haka ba wanda zai ce kwamfutar 2021 ta fi ta 2023 don wannan. Lambar da mai shago ke ɗora yatsa a kai ɗaya ce cikin abubuwa da yawa, kuma ba ita ce babba ba.

Babba shi ne katin hoto. A kwamfutar wasa ta gaske, wanda ke zana abin da ido ke gani wani ma'aikaci ne dabam, yana da nasa ram da aka like masa a jiki, ba ya taɓa masakin furosesa sai kaɗan. Katin RTX 4060 na tafi-da-gidanka, wanda Nvidia ta fitar a 2023, yana da jiga 8 nasa na kansa, masu kawo jiga 256 a daƙiƙa, kusan ninki uku na baret biyu masu 5600. Idan aka ɗaga kyawun hoto a wasa, katin ne ke aiki iyakar ƙarfinsa, furosesa kuwa tana gama nata ta zauna jiran sa. Sayen ram mai sauri a wannan hali taimako ne ga wanda ya riga ya gama aikinsa. Haka kuma wanda katinsa RTX 3050 ne mai jiga 4, irin na 2021, in sabon wasa ya fi ƙarfin wannan jiga 4, babu baret a duniya da zai cike masa gurbin.

Da ma a wajen katin nan ya kamata ido ya tsaya tun ranar saye. RTX 4060 ɗin da na ambata, Nvidia ta bar wa masu ƙera kwamfuta su ba shi wuta daga wat 35 har zuwa 115. Kwamfuta biyu za su zauna gefe da gefe a shago, takarda ɗaya a manne, suna ɗaya, amma ɗaya ta bar ɗaya nesa a wasa. Wannan bambanci ya ninka duk abin da CL zai iya bayarwa, kuma ba a gyara shi bayan an biya. Mai saye ya tambayi wat nawa, in mai shago bai sani ba a duba lambar kwamfutar a shafin kamfanin.

Sai kuma gilashin kallo. Wasa jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri, gilashi kuwa yana da iyakar hotunan da yake iya nunawa a daƙiƙa, wani 60, wani 144, wani fiye. A ce wasa yana ba da hoto 70 a daƙiƙa, ram mai tsada ya kai shi 72. Idon wa zai gane? In gilashin mai 60 ne ma, duk abin da ya haura 60 ba ya fitowa cikakke. Mai buga ƙwallo da abokinsa a zaure ba zai ci ko ƙwallo ɗaya ba saboda waɗannan hotuna biyu.

Yanzu bari in zo ga abin da ya shafe mu musamman, wanda masu gwaji na Turai da Amurka ba su cika damuwa da shi ba domin a ɗaki mai sanyi suke aiki. A watannin Afrilu da Mayu zafi a Yamai da Tawa yana haura digiri 40 a inuwa. Furosesa irin 12700H iyakar zafinta digiri 100, in ta kusa kai nan sai ta rage gudunta da kanta domin kada ta ƙone, katin hoto ma haka yake yi a tasa iyaka. Iskar da fanka ke jawowa domin sanyaya su tun daga waje da zafinta take shigowa. Ga ƙurar hunturu da ta kwashe watanni tana taruwa a bakin ƙarfen sanyaya har ta zama kamar auduga. Ga ɗabi'ar ɗora kwamfuta bisa katifa ko darduma, ramukan shan iska suna ƙasa a toshe. Alamar wannan ciwo a bayyane take: wasa ya fara lafiya, bayan kwata ko rabin awa ya soma ja da baya, fanka tana kuka. Wanda ya ga haka ya kai wa mai gyara a buɗe a share ƙura, a sake man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, ya kuma ɗaga bayan kwamfutar bisa wani abu mai tauri domin iska ta shiga. Kuɗin wannan bai kai na baret ba, abin da yake dawowa da shi kuwa ya fi. Haka nan in wutar lantarki ta ɗauke aka koma kan batir, kwamfutar wasa tana rage wa katin hoto wuta da gangan, domin batir ba ya iya ba da abin da caja ke bayarwa. Yaro da yawa yana zargin ram alhali caja ce ba a jone ba, ko kuma an sauya ta da wata ƙarama da ba tata ba.

Na yi alkawarin faɗin inda ram mai sauri yake biya. Wuri mafi girma shi ne kwamfutar da ba ta da katin hoto na dabam, wadda mai zanenta yana cikin furosesa, irin Radeon 680M da 780M na AMD. Wannan ba shi da masaki nasa, daga na furosesa yake ci, saboda haka duk ƙarin gudu yana jin sa kai tsaye, baret na biyu kuwa a wajensa tilas ne. Kamfanin Valve ya san haka: na'urarsa ta wasa Steam Deck ta fito a 2022 da ram mai 5500, da ya sabunta ta a 2023 ya kai shi 6400. Sai dai da yawa daga cikin irin waɗannan kwamfutoci ram ɗinsu a like yake a jikin allon uwa, ana ce masa LPDDR5, ba ya cirewa. Shawarar ranar saye ake yanke ta, wanda ya ɗauki mai jiga 8 a like ya zauna da shi ke nan. Akwai kuma masu gasa a wasanni irin Counter-Strike 2, waɗanda ke sauke kyawun hoto ƙasa domin su samu ɗaruruwan hotuna a daƙiƙa bisa gilashi mai 240. A wajensu furosesa ce ke wahala, ram mai sauri yana ɗan sauƙaƙa mata, musamman a lokutan da wasa ke yawan faɗuwa. In kwamfutarsu tana cikin ƴan manyan nan masu buɗaɗɗen XMP, su saya, sun san abin da suke nema. Wanda kuma zai sayi baret biyu ko ta yaya, ya tarar bambancin kuɗi tsakanin CL46 da CL40 bai taka kara ya karya ba, ya ɗauki CL40, ban hana ba. Abin da nake ƙi shi ne a cire ram mai lafiya, mai isasshen yawa, a ajiye a aljihun tebur, a biya sabon kuɗi domin nanosakan biyu.

Akwai wani sauyi guda da ya taɓa yin amfani na gaske, ya kamata masu kwamfutocin 2021 su san shi. A wannan shekara, lokacin ƙarancin kayan lantarki a duniya, an sayar da kwamfutocin wasa da yawa da baret masu ƙwaya huɗu kacal, waɗanda ake rubuta wa 1Rx16, maimakon masu ƙwaya takwas, 1Rx8. Lambar gudu ɗaya ce, yawa ɗaya, amma tsarin cikin masu huɗun ya fi ƙunci, masu gwaji kuma suka nuna wasanni suna yin ƙasa da su, musamman a kwamfutocin Ryzen. Maganin a nan baret ɗin gama-gari ne mai 1Rx8, babu bukatar baƙar riga.

Ita baƙar rigar me ke ƙarƙashinta? Tun da Robert Dennard ya ƙirƙiro wannan irin ram a kamfanin IBM a 1966, masana'antar ta yi ta tsukewa, har aka kai ga kamfanoni uku suna ƙera fiye da kashi tara cikin goma na ƙwayoyin duniya: Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Kingston da Corsair ba sa ƙera ƙwaya, saye suke yi su tantance waɗanda suka fi jure gudu, su jera a allo, su manna sunansu. Wannan tantancewa aiki ne, kuma ita ake biya. Amma baret mai koren allo da ba shi da ado, mai tambarin Samsung ko SK hynix, daga tukunya ɗaya ya fito, shi ne ma masu ƙera kwamfuta ke sawa tun daga masana'anta.

Lokacin ma bai dace da almubazzaranci ba. A ƙarshen shekarar 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya, a kasuwanni da yawa DDR5 ya ninka cikin ƴan watanni, wani wuri fiye. Dalili shi ne manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe ƙwayoyi, kamfanonin ukun nan kuma suka karkata aikinsu ga wani irin ram mai suna HBM wanda ya fi kawo musu riba. A watan Disamba na 2025 Micron ta sanar za ta daina sayar da kayanta masu suna Crucial ga ɗaiɗaikun masu saye, alhali Crucial na cikin sunayen da masu ƙaramin ƙarfi suka daɗe suna dogara da su. Mu da kaya ke iso mana bayan sun bi jirgi da mota da kwastan, kowace jikka da aka ɗora a can tana iso nan da ƴaƴanta.

Kafin a fitar da ko dala, ga binciken da uba da ɗa za su iya yi tare a gida, ba ya cin kome. A buɗe wasan da ake kuka da shi, a bar shi ya yi minti ashirin, sa'an nan a danna Ctrl da Maj da Échap tare. Abin da ake kira Gestionnaire des tâches zai fito. A shiga Performances, a duba Mémoire. A nan za a ga jiga nawa ake ci cikin nawa, da gudun da ram ke yi a zahiri, da gurbi nawa ke cike. In abin da ake ci ya kusa cika ma'auni, a ƙara yawa. In an rubuta 1 sur 2, a nemo ɗan uwan baret ɗin da ke ciki, mai yawa ɗaya da lamba ɗaya, domin in aka haɗa mai sauri da mai nawa duka biyun da tafiyar mai nawa suke tafiya. In kuwa ram bai cika ba, gurbi biyu cike, amma katin hoto yana aiki kusan ɗari bisa ɗari, to a sauke kyawun hoto mataki ɗaya a cikin wasan, a mayar da kuɗi aljihu. A kuma duba ko wurin ajiyar SSD ne ko tsohon faifai mai juyawa, domin cikin na hannu har yanzu akwai masu shi, sauya shi kuma ya fi kowane ram canza halin kwamfuta.

In ta kama a saya, a tabbatar da iri tukuna. Baret ɗin DDR4 yana da haƙora 260, na DDR5 262, tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya, wanda ya matsa da ƙarfi zai karya gurbi. Baret na hannu da aka ciro daga matacciyar kwamfuta ba abin gudu ba ne, tun da babu abin da ke motsi a cikinsa balle ya cinye, amma takardar da ke manne a jikinsa kowa na iya manna ta. Saboda haka a tafi da kwamfutar shago, a sa shi a gaban mai saye, a kunna, a karanta yawa da gudu a Gestionnaire des tâches ko a manhajar CPU-Z wadda kyauta ce. A yi sharaɗi da mai shago, a gaban shaida in da hali, cewa za a kwana ana gwada shi da manhajar MemTest86, in ta nuna kuskure ko guda ɗaya za a dawo da shi washegari a karɓi wani.